Ba Mu Kai Rabin Hanya Ba, Yaya

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin sauƙi, kai da iyalinka baki ɗaya. Yaya ƙarfin jiki, yaya kuma zirga-zirgar asibiti? Allah Ya sa wankin ƙodar nan da ake yi maka ya zama sanadin samun lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya ba Maman 'yan biyu ladan ɗawainiyar da take yi da kai. Mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah. Maigidana ya samu sauƙin ciwon bayansa har ya koma tuƙi, ko da yake na lura ciwon ya fi tashi idan aka ce a ɗaga buhu. Auta ya gama rufin ɗakunansa, matarsa kuma ta yi nauyi, muna ta addu'a Allah Ya raba lafiya. Kawu yana nan yadda ka san shi, kunne ya ƙara nauyi amma baki bai rage komai ba. Ni ma na koma makaranta, yaran ajina suka tarye ni da tambayar ko na taɓa gajimare da hannuna.

Yaya, dalilin da ya sa na zaɓi takarda maimakon waya shi ne, kusan kullum a gaban Inna nake ɗaukar kiranka, kuma akwai maganar da ba ta faɗuwa a gabanta. Ko da ba ta kusa, da zarar na ji muryarka sai in ƙare da cewa komai lafiya. Abin da ka sani kawai shi ne ƙafar Inna ta kumbura a hanya, likitoci suka hana mu ƙarasawa wurinka, muka juyo. Gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Sannan Maman 'yan biyu ta kira ni ba da saninka ba, don Allah kada ka yi mata faɗa, ta ce tun da muka dawo ka shiga neman tikiti, ka ce ko likitanka ya yarda ko bai yarda ba kai sai ka zo. To ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka yanke shawara.

Ka san ofishin mai sayar da tikitin nan da ke saman shagon takalma, wanda matattakalarsa ke ƙara kamar za ta ɓalle. Ranar da za mu je, Inna ta dage sai ta hau da ƙafarta, ta ce ba za a yi cinikin tafiyarta a bayan idonta ba. Mutumin yana da ƙwallon taswirar duniya a kan teburinsa, ya ɗora yatsa ɗaya a garinmu, ya juya ƙwallon sosai kafin ya ɗora ɗaya a naku, har sai da namu ya kusa ɓacewa ta baya. Ya ce babu jirgin da ke tashi daga nan kai tsaye zuwa wurinku, dole mu sauka a wani gari mu canja, kuma zango na biyu, wanda ke ratsa teku, ya ninka na farko har da ɗori. Ya faɗi dubban kilomitocin da ke tsakani, ni dai lambar ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan. Inna kuwa ba ta damu da lamba ba, tambayarsa ta yi salloli nawa za su same ta a sama. Bawan Allah ya fara ƙirgawa da yatsu, ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya ce ai ranar ma tafiya za ta riƙa yi tare da mu, shi ya rikice. Ta ƙara tambayarsa ko direban yana tsayawa a hanya mutane su miƙe ƙafa. Duk muka yi dariya har da ita. Yanzu idan na tuna, ita ce ta yi tambayar da ta fi kowacce muhimmanci.

Ba na ɓoye maka yadda mantuwa ke damun Inna tun bara ba, wani lokaci ta ajiye makulli a cikin firji, wani lokaci ta tambaya ko Baba ya dawo daga masallaci, shi da ya daɗe a kabari. Amma wallahi a makonnin da muke shirin tafiya kamar an sake ta. Ta riƙa maimaita sunayen 'yan biyu tana haɗa kowane suna da hotonsa don kada ta yi kuskure a gabansu. Ta sa na raka ta kasuwa ta sayo musu riguna da ƙananan takalma, na yi ta gaya mata yaran nan sun fi ni tsawo yanzu, ta ce ni ban san komai ba, jikoki ba sa girma sai kakarsu ta gan su. Likitanmu na nan ya duba ta, ya ce za ta iya, ya ba ta magani da doguwar safa mai matse ƙafa, ya ce ta sha ruwa sosai kuma ta riƙa tashi tana takawa a cikin jirgi. Ganin yadda take, babu wanda ya yi shakka a cikinmu.

Da safe muka tashi, aka ba ta kujerar taga. Da jirgin ya ɗaga ta damƙe hannuna tana salati, da ya daidaita kuma sai ta saki ta leƙa ƙasa, ta ce ashe garin da muke ta wahala a cikinsa bai fi faifai ba. A bayan kujerar da ke gabanmu akwai ɗan talabijin mai nuna taswira da wani ƙaramin jirgi a kan layi. Nan idonta ya tsaya. Bayan an daɗe ta taɓa ni ta ce abin nan ya lalace, jirgin ba ya motsi. Na ce yana motsi, nisan ne da yawa. Ta auna da yatsanta daga inda muke zuwa ƙarshen layin. Na yi ta lallaɓa ta ta tashi mu taka, amma wani dattijo ne a kujerar bakin hanya yana barci, ta ce ba za ta tayar da baƙon mutum saboda ita ba. Ruwa ma kurɓa kawai take yi, don ta leƙa banɗakin sau ɗaya ta ce wannan ai akwati ne, ba za ta sake shiga ba. Ka san Inna da kunya, ka kuma san ta da taurin kai. Lokacin da muka sauka, takalminta na hagu ya ƙi shiga.

Filin jirgin da muka sauka gari ne guda, Yaya, kai ka san shi tunda ta nan ka bi. Dogayen hanyoyi, gilashi ko'ina, ƙasa mai tafiya da kanta, sanarwa cikin harsunan da ban taɓa ji ba. Aka kawo keken guragu wata mata tana tura Inna ina biye da jakunkuna. Tun a nan na ga idonta ya canja. Ta fara tambaya wace kasuwa ce wannan da babu mai tayi, can kuma ta ce mu tsaya mu jira Baba, ya je ajiye mota. Numfashinta ya riƙa fita sama-sama. Matar da ke tura keken ita ce ta lura da ƙafar, ta ɗaga zanen kaɗan ta duba, sai ta juya keken zuwa wani ɗan asibiti da ke cikin filin. Ɗaki ne fari mai labule, da gado mai shimfiɗar takarda, da sanyin da ya sa na cire mayafina na rufa wa Inna.

Likitan da ya shigo sa'anka ne, ko ya ɗan girme ka. Yana da sanƙo a gaba, da tabarau, da 'yar wushirya idan ya yi murmushi. Ni ban ga wata kama can ba, amma Inna na ganinsa fuskarta ta washe irin yadda rabon da in gani tun Baba na da rai. Ta miƙa hannu ta kama wuyan hannunsa ta ce, "Injiniya, ashe ka zo tarye ni. Dubi yadda ka rame." Mutumin ya dube ni. Da ɗan Turancina na makaranta na gaya masa cewa ta ɗauke shi ɗanta ne na fari, wanda za mu je wurinsa, wanda ta shekara da shekaru ba ta taɓa jikinsa ba. Na ɗauka zai zare hannunsa ya ci gaba da aikinsa. Sai ya jawo kujera ya zauna, ya bar mata hannun. Ta ba shi labarin gida kaf, bishiyar tsakar gida da aka sare, auren Auta, maƙwabcin da ya toshe mana magudanar ruwa, har ta yi masa faɗa a kan rashin zuwa gida. Ba ya jin ko kalma ɗaya, amma yana gyaɗa kai a daidai inda ya kamata. Daga nan ya durƙusa a ƙasa ya ɗora ƙafarta a cinyarsa yana dannawa a hankali.

Bayan labule ya ja ni ya yi mini bayani. Ya ce yana zargin jini ya daskare a jijiyar ƙafarta, kuma idan gudan ya ɓalle ya tafi huhu muna tsakiyar teku, babu inda za a sauka da ita. Ya ce ba zai sa hannu ta hau jirgin ba. Na roƙe shi, Yaya, roƙon da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Na ce ɗanta ba shi da lafiya, ba zai iya zuwa ba, wannan ce damar da ta rage musu. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, ya ce ya fahimta, amma da uwarsa ce ma haka zai yi. Muna nan tsaye na ji ana kiran jirginmu, sunan garinku na fita daga lasifika ana maimaitawa, har aka daina. Aka yi mana takardar shiga gari aka kai mu babban asibiti, hoto ya tabbatar da abin da ya ce. Muka yi 'yan kwanaki ana ba ta maganin tsinka jini, sannan suka ce gajeriyar hanyar komawa gida za ta yiwu idan an kula, doguwar kuwa ba yanzu ba, kuma daga yadda suka faɗa na gane ba nan gaba ba ma.

Ga abin da ban gaya maka ba. Da muka dawo mutane suka cika gida ana yi mana barka da sannu, sai na ji Inna daga ɗaki tana ba Goggo labari cewa ta ga Injiniya. Ta ce da rediyo yake kwancewa yana yaro, yanzu mutane yake gyarawa, ya sa farar riga, ya durƙusa har ƙasa ya riƙe ƙafarta a gaban jama'a. Goggo ta leƙo ta dube ni, na girgiza mata kai. Da a nan labarin ya tsaya da na bar shi, domin ranar da take faɗarsa da alfahari har abinci ta fi ci. Amma akwai ranakun da yake juyawa. Sai ta zauna ta yi tagumi ta ce ita me ta yi maka da ka gan ta amma ba ka kai ta gidanka ba, ba ta ga matarka ba, ba ta ga yaran ba, ka ce a mayar da ita daga bakin hanya. Ranar da ka kira ta amsa maka a daƙile ta miƙo mini wayar, ka yi ta tambayata ko jikin ne, to ba jikin ba ne, irin wannan ranar ce. Na gwada gaya mata gaskiya sau ɗaya, ta ce wato ƙarya take yi ke nan, ita da ta riƙe ka da hannunta. Auta ya ce in ƙyale ta, Kawu ya ce a gaya mata ƙarara, aka yi ta musu a zaure har Kawu ya manta da wane ɓangare yake.

Na kan zauna in yi ta tunanin shekarun da ku biyun kuke da ƙarfinku. Da farko takardunka ne ba su fito ba, da suka fito sabon aiki ne, sai 'yan biyu suna ƙanana ba za su jure tafiya ba. Mu ma nan haka, jinyar Baba, sannan hidimar Auta, sannan Inna da kanta ta ce wa zai kula mata da gida da kajinta. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu, kowane dalili na gaskiya ne, kuma kowa cewa yake yi baɗi in Allah Ya kai mu. Wayar nan ma ta yaudare mu, muna ganin fuskarka a tafin hannu kana dariya, sai muka ɗauka kana nan bayan gari. Sai da na zauna a kujerar nan ina kallon ɗan jirgin da ya ƙi motsi, sannan na san inda kake. Ba laifinka nake gani ba, ba na kuma ganin na kowa. Baƙin cikina kawai shi ne lokacin da tafiyar take da sauƙi ba mu san tana da sauƙi ba.

Makon jiya da safe, kafin in tafi makaranta, na fito da ita baranda ina shafa mata mai a ƙafa. Ta daɗe tana kallon yaran maƙwabta suna wucewa da jakunkunansu. Can sai ta kira sunana da irin muryarta ta da, wadda ka sani, mai sa mutum ya gyara zama. Ta ce mutumin nan na asibitin jirgi ba Injiniya ba ne, ko? Na ce ba shi ba ne, Inna. Ta gyaɗa kai ta ce ai babban yatsanka na hagu yana da tabon ƙunar da ka yi da ƙarfen gyaran rediyo, shi kuwa wancan hannunsa sumul yake. Ta ce, "Tun a can na sani. Na dai ƙi saki ne." Na sunkuyar da kai na ci gaba da shafa man.

Sai ta tambaye ni abin da ya rage mana na hanya da aka tsayar da mu, na ce ya fi wanda muka yi nesa ba kusa ba. Ta ce ita da ƙafa ɗaya kawai ta kumbura an ce ba za ta kai ba, ina ga wanda ake wanke wa jini da inji. Ban gaya mata zancen tikitinka ba, wallahi ban gaya mata ba, ita ce ta ce ta san halinka, yanzu haka kana can kana shirin tasowa. Ta kama hannuna mai maiƙo ta ce, "Ki rubuta masa. Ki ce ni na haife shi, kuma na ce ya zauna inda yake. Gara in riƙa jin muryarsa daga nesa da a sauko mini da labarinsa daga sama." Kafin in dawo daga makaranta ta koma labarin farar riga, tana ba matar Auta. Amma ni maganar safiyar nan na riƙe, domin Innarmu ce ta yi ta da cikakken hankalinta, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro.

Saboda haka ina roƙonka, Yaya, don girman Allah da darajar iyaye, ka bar neman tikitin nan. Ka dubi Maman 'yan biyu da yaranka. Abin da za ka iya yi mata shi ne ka riƙa kira da safiyarmu, lokacin da kanta ya fi zama daidai, na san ya saɓa da lokacin hutunka amma ka daure. Duk Innar da ka samu ranar, ka bi ta a hankali. Idan ta ce ta gan ka, ka yi mata godiyar zuwa da ta yi. Idan ta yi maka ƙorafin ba ka kai ta gida ba, ka ba ta haƙuri, ka kira 'yan biyu su zauna kusa da kai ta gan su. Idan kuwa ka dace da ranar da ta san komai, to kada ka ɓata lokaci a kan tambayar magani da abinci, ni ina kula da wannan, ka yi hira da mahaifiyarka kawai.

Ka gaishe mini da Maman 'yan biyu da kyau, ka ce mata na gode da amanar da ta ba ni. Ka gaishe da yarana biyu, ka ce gwaggonsu tana alfahari da su. Maigidana yana gaishe ka, haka Auta da matarsa, da Goggo, da Kawu wanda ya ce in gaya maka shi tun farko bai yarda da abin da ke tashi ba shi da gashin fiffike ba. Maƙwabtanmu na dama da na hagu duk suna tambayar jikinka suna yi maka addu'a.

Kafin in rufe na je na tambayi Inna ko akwai abin da zan ƙara. Ta ce in gaya maka ta yafe maka duniya da lahira, abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, kai ma ka yafe mata. Ban so rubuta wannan ba, Yaya, domin ni da kai mun san lokacin da ake irin wannan magana. Amma saƙo ne aka ba ni, ga shi na isar.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya ba mu haƙuri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka, Malama